Wanda Ya Shiga ta Bayan Akwatin Fasinjoji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Manhaja na Kamfanin Houézo, Kwatano, mai hangen abin da mu ƙananan ma'aikata ba ma hangowa ko mun hau bene.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan na'urar sanyaya ofishinka tana aiki, ba kamar tamu ba. Ni ne Mahougnon Akpovi, wanda ya rubuta manhajar sayar da tikitin jiragen ruwanmu masu zuwa Ganvié, kuma wanda kake shirin kora ranar Litinin. Yadda na san haka yana ƙasa, a yi haƙuri da ni.

1. Ranka ya daɗe, na amsa laifina na farko: na yi aikin yadda aka koya mini. Kowane jirgi na yi masa akwati a cikin manhajar, na ɓoye adadin fasinjoji a ciki, na bar ƙofa ɗaya mai gadi. Duk mai son ƙara fasinja sai ya bi ta ƙofar, ita kuma idan an kai talatin sai ta ce jirgi ya cika. Ba rowa ce ta sa ba. Kujerun talatin ne, ruwan kuma ba ya karɓar uzuri.

2. Ranar da manyan baƙi suka zo ganin aikinmu, ƙofar ta ƙi karɓar na talatin da ɗaya a gabansu. Sai gwarzonmu Sèdjro, abokin aikina mai saurin hannu, ya cece mu daga kunya. Akwai dabarar leƙen ciki da aka tanada don masu neman cuta a manhaja. Da ita ya zagaya ta baya, ya zura hannu cikin akwatin, ya mayar da adadin sifili duk lokacin da ya cika. Layi uku kacal! Da na yi magana ya ce, "Haba yaya, ƙofar taka ta cika surutu. Ga shi yana aiki, me kuma kake so?" Ni ma na tambayi kaina, me nake so? Ashe jirgi ba ya cika sai an gaya masa.

3. Asabar ɗin da ta biyo baya, mutum saba'in da huɗu suka hallara a gaɓar Kalavi, kowa da tikitinsa na gaskiya, jirgi ɗaya. Tonton Agossou matuƙi, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ya ƙirga talatin da yatsa ya ja igiyarsa. Shi kaɗai ne ya mutunta ƙofata a duk kamfanin nan, ina roƙon a ba shi kujerata idan na tafi.

4. Cikin waɗanda aka bari har da Maman Fifamè mai ƙosai, wadda kwanon ƙullunta ya yi tsami a rana. Ta hau zemijan, wato ɗan acaɓa, har ofishinmu ta tambayi wanda ya rubuta abin. Aka duba saman fayil, aka ga sunana, aka nuna mata teburina cikin ladabi. Ta riƙe mini wuyan riga tana cewa, "Ɗana, a kaina za su zauna ko a kanka?" Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, wallahi har yau tana cina. Sèdjro kuwa hotonsa na rataye a bakin ƙofa, gwarzon ma'aikacin wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5. A taron da ka kira, na nuna maka layukan nan uku da sunan mai su. Ka yanke hukunci mai cike da hikima, na kuma rubuta shi don kada ya ɓace: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an iya shiga akwati ta baya, laifin wanda ya ƙera akwatin ne." Wa zai ja da wannan? Yara biyu gare ni a makaranta, amma ilimi ya fi su, na karɓa.

Don haka jiya da tsakar rana, kana can kana cin amiwo, jan tuwon masarar nan, da kaza, na gwada darasin a kan teburinka. Durowarka a kulle take, kuma ban taɓa makullin ba, Allah ya kiyaye. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da katakon bayanta. A ciki na tarar da takardar korata, da sa hannunka mai kyau. Na manna sunan Sèdjro a kan nawa, layi ɗaya kacal, na mayar da katakon yadda yake. Ga shi yana aiki.

Ranar Litinin sai ka buɗe ta ƙofar gaba, ka miƙa wa mai sunan. Idan kuwa ranka ya ɓaci, kada ka neme ni, tunda hukuncinka ya riga ya wanke ni. Sunan kafintan da ya ƙera durowar da lambar wayarsa suna manne a ƙarƙashin teburin.

Naka mai biyayya, wanda ba ya barin darasin manya ya faɗi ƙasa,

Mahougnon Akpovi
Tebur na uku daga taga, har zuwa Litinin aƙalla.