Rasuwar Furosesa Mai Kawuna Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da ƙauri, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar furosesan kwamfutarmu ta kan tebur, wato ƙwaƙwalwarta, mai kawuna takwas. Ya cika ranar Litinin da hantsi, yana da shekara shida.

Marigayin ba shi da ƙyashin aiki. Kai ɗaya na haɗa min bidiyo, wani na riƙe da kundin digirin uwargida, wani na saukar da darasin yara, sauran na zaune suna jiran a aike su. Ga shi ba ya cin wuta, ko dutsen guga ya fi shi haɗama. Duk maganarsa a duniya ita ce "tit" da safe, sai "fuuu" in rana ta take.

Ciwon ajalinsa zazzaɓi ne. Sati guda yana suma, ina sake kunna shi. Na ɗora wa uwargida laifi, na ce shafuka arba'in da take buɗewa ne suka kashe shi. Kwana uku ke nan tana ba ni haƙuri, har da ƙwalla.

Jiya mai gyara ya buɗe gawar, ya ga bayansa fes kamar faranti. Ashe ɗan man nan mai ruwan toka da ke tsakaninsa da fanka shi ke janye masa zafi. Ni kuwa ranar da na yi masa shara na ɗauka datti ne. Na sa tsumma na goge tas, har ina yaba wa kaina. Wallahi kunya ta kama ni.

Ya bar fanka ɗaya, wadda har yanzu take juyawa ba ta san an yi rashi ba, da linzamin kwamfuta, wato maus, da firinta wadda dama ba sa ga maciji da marigayin. Kundin uwargida na nan lafiya a ma'ajiya.

Za a ciro shi gobe da ƙarfe goma a shagon mai gyara, a naɗe shi a takarda, a kwantar a aljihun tebur. Gaisuwa a gida ne. Don Allah manya su riga ni isa, su zauna kusa da uwargida. Ban iya faɗa mata da baki cewa laifina ne ba, a nan za ta karanta.