Ƙafa a Ɗaure, Suruki a Dakali

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a gidanmu a Kabara, kuma ni ne mai rubuta labaran wata 'yar ƙungiyar motsa jiki da muka kafa. Wasanmu shi ne wanda ake haɗa abu uku a jere ba hutu: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu. Turawa suna da sunan da suka raɗa masa, amma mutanen unguwa "Wahala Uku" suke ce masa, mu ma muka bi su.

Yawancin 'yan ƙungiyar yara ne, 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Mai horar da su Koci Ɗanladi, tsohon soja (sauran soja sun koma bariki, shi kuwa kanmu ya dawo). Aikina shi ne duk mako in buga takarda guda a tafireta in liƙa a ƙofar shagon gyaran keken da muke taruwa: wa ya fara iya iyo, wa ya yi fashi, yaushe za a fita atisaye, sai 'yar shawara a ƙasa. Wannan 'yar shawarar ita ta kai ni ta baro.

A wata tsohuwar mujalla na ga hoton 'yan tseren keke, ƙafafunsu a maƙale da feda, wai don kada ƙarfi ya tafi a banza. Nan take na ji na zama gwani. Na samo tsohon tub na roba na cikin tayar keke, na yanka shi siri-siri, na rubuta a takardar makon cewa daga yanzu kowa zai riƙa ɗaure ƙafarsa a feda. Koci ya karanta, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, 'ya'yan mutane ne fa," in ji shi. "Ka fara gwadawa a taka ƙafar. In ka dawo da haƙoranka cif, sai mu duba."

Na ce ai ba komai, ranar Asabar zai gani. Dama ni nake jan yaran a gaba in an hau titi, shi yana biye a baya kan babur da usur a baki. Kuma akwai dokar da ni da kaina na sha nanatawa a takarda: abin da na gaba ya yi, shi na baya zai yi, ba tambaya.

To, ga inda gizo yake saƙar. A lokacin ina neman auren Bilkisu, 'yar Malam Sabo na Dukawuya, kuma an tsayar cewa kawuna zai je neman aure a makon da ke tafe. Malam Sabo dattijo ne mai sayar da yadi, mai koyar da littattafai a soronsa, wanda babu abin da ya tsana kamar rawar kai. Ya taɓa korar wani manemi don kawai ya zo gaishe shi da tabarau a goshi. Ni kuwa bai taɓa ganina ba sai cikin riga da hula, kai a sunkuye. Bilkisu ta ja min kunne, ta ce, "Baba yana bincike a kanka. Don Allah ka kama kanka makon nan." Ina sonta ƙwarai, kuma ina tsoron tsohon nan har cikin raina. Shi ya sa da na zana hanyar da za mu bi, na kauce wa layinsu kamar akwai rijiya a tsakiyarsa.

Ranar Asabar muka yi iyonmu a wurin ninƙayar wata makaranta da ke bayan ganuwa. Na fito a jiƙe, daga ni sai singileti da wani gajeren wando mai kama jiki (na gwanjo ne, kuma wanda ya fara sa shi bai kai ni cinya ba). Na kifa hular kwano, na ɗaure ƙafafuna tamau a feda, yara suka turo ni, muka shigo ta Ƙofar Mazugal. Gaskiya abin ya yi daɗi. Keke yana tafiya kamar ana jansa, har na fara tsara yadda zan yabi kaina a takardar mako mai zuwa.

Muna dab da Dukawuya sai muka tarar an toshe titi da rumfuna da kujeru. Sabon kansila ne yake walimar cin zaɓe, an cika hanya maƙil. Wani mai hular jam'iyya ya ɗaga hannu yana nuna mana lungu: "Ku bi nan, ku bi nan!" Tsayawa ba ta yiwuwa ga mai ƙafa a ɗaure, don haka na karya kan keke na shiga, yara suka biyo ni. Sai da na sha kwana ta biyu na gane bishiyar darbejiyar da ke gabana.

Ga Malam Sabo a dakalin ƙofar gidansa, ga dattawan unguwa a kan tabarma suna shan hantsi.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ce ai sai in sunkuyar da kai in wuce. Ina! A nan ko tsohon da kuke gaisawa a masallaci ba ka wuce shi a kan keke, balle wanda kake neman 'yarsa. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Tun ina yaro aka dasa min wannan, don haka kafin kaina ya gama shawara hannuna ya riga ya matse birki. Keke ya tsaya cak. Na yunƙura in sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Ban faɗi da sauri ba, wannan shi ne abin takaicin. A hankali na karkata, kowa yana kallo, na tafi gaba ɗaya kamar buhun gero, na zube a bakin tabarma. Na ture buta, na watsa takalman dattawa, keke yana tsakanin cinyoyina, tayar baya tana ta juyawa. Ni kuma, da yake gaisuwa ce ta tsayar da ni, sai na ji bakina yana cewa daga kwance:

"Allah ya gafarta Malam, barka da hantsi."

Yaran nan kuwa, 'yan albarka, suka bi doka. Na gaba ya tsaya ya gaida manya, don haka duk suka dira daga kekunansu, suka durƙusa a jere, ruwa yana ɗiga daga wandunansu, suka haɗa baki: "Ina kwana, Baba!"

Malam Sabo ya amsa musu a natse, ya tambaye su karatu. Sannan wani dattijo mai farin gemu ya nuna ni da carbi ya ce, "Malam, wannan kuma ɗan wane ne?"

"Shi ne malamin makarantar da nake ba ku labari," in ji Malam Sabo.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Malam Sabo ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce, "Ku rufa masa." Aka lulluɓe min cinyoyi, aka aika cikin gida a karɓo reza. Ana cikin yanke robar sai ga Koci ya shawo kwana yana busa usur yana ihu, "Wa ya ce a tsaya!" Yana ganin dattawa ya kashe babur, ya tofar da usur, shi ma ya durƙusa. Daga cikin soro kuma na ji wata dariya da ake ta ƙoƙarin dannewa, na kuma san mai ita.

Makon nan ban yi barcin kirki ba. Na riga na sallama Bilkisu a raina, har na roƙi kawu ya ɗaga tafiyar. Ya ce shi ba ya saɓa alkawari da manya, in an hana mu ma ai sai mu ji da kunnenmu. Ya tafi, na zauna a soro ina jiran hukunci.

Da ya dawo sai ya ajiye min wani ƙunshi a gabana, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"An ba ka," ya ce. "Malam ya ce yaron da ya gwammace ya karye da ya wuce manya a kan keke, ba a hana shi aure. Amma ya ce a kawo maka wannan."

Na kwance. Dogon wando ne na shadda, sabo fil, har da zariya.

A takardar makon na rubuta cewa atisaye ya yi kyau, yara sun nuna tarbiyya, kuma an soke shawarar ɗaure ƙafa har sai abin da hali ya yi. Ban yi ƙarin bayani ba, babu kuma wanda ya nema, don duk birni an riga an ji.

Yau 'ya'yanmu da Bilkisu sun girma, amma har Allah ya karɓi ran Malam Sabo, duk sallah in ya aiko min da yadi sai ya ce a gaya wa tela ya cika tsawon wandon. Abin da na koya dai shi ne, duk dabarar da ka gani a mujalla, kafin ka ɗaura ta a ƙafarka, ka fara tambaya ko masu ita suna da surukai a bakin hanya.