Ranar da Harshena Ya Dawo

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Sentul ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Na haura hamsin, sunayen mutanen da suka cuce ni a kasuwa ma sun fara ɓace min, amma wannan yinin yana nan daram.

Sarin kaya ya kai ni Kuala Lumpur. Ni ɗan kasuwar Kwari ne, yadi da mayafai nake saye a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman in turo Kano. Sai korona ta sauko, aka rufe filin jirgi ina ciki. Na tare a unguwar Sentul, gidan ƙanina Sanusi, wanda yanzu sai an ce Dakta yake waiwayowa (ni na ajiye karatu a aji uku na sakandare don shi ya ci gaba, amma ba a rubuta wannan a jikin takardar digiri). Gidan sama ne, ɗan ƙarami. Ga shi, ga matarsa Maman Walid, ga yaransu da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, ga kuma ɗana Mubarak da ke karatu a wata kwaleji a garin, wanda ya dawo nan da aka rufe musu ɗakunan kwana.

Ciwon ya kama ni. Ban mutu ba, amma ya tafi da hancina da harshena. Wata da watanni ina cin abinci kamar mai tauna kwali. Maman Walid ta zuba min yaji har idona ya kawo ruwa, baki shiru. To mutumin da ba ya fita, ba ya ciniki, ba ya jin daɗin lomar da ya kai baki, me ya rage masa? Faɗa. Na zama masifa a gidan mutane.

Ana cikin haka na ga wani hoto a wayar Mubarak (ban ce wayar ce ta buɗe kanta ba). Shi ne da abokansa a wani waje mai jan fitila, tebur cike da kwalaben giya. Ya rantse shayi mai ƙanƙara kawai ya sha, bikin zagayowar haihuwar wani ne. Ban saurare shi ba. Na yanke hukunci: ranar da jirgi ya tashi, tare za mu koma, ya zauna a shago. Saura masa shekara ɗaya ya gama, na ce ko kwana ɗaya ne bai dame ni ba.

Dakta ya roƙi a zauna a kan maganar ranar Juma'a bayan Azahar, tunda masallaci ma a rufe yake gare mu. Muka zauna a falo. Yaron yana ƙasa, kansa a sunkuye.

"Yaya, a yi haƙuri a duba," in ji Dakta. "Hoto ne fa kawai. Context matters."

"Kai ka san kontes. Ni tarbiyya na sani." Na juya kan yaron. "Kai, dube ni. Ni ubanka, tun da uwata ta haife ni ko warin abin nan ban sani ba. Ko hanyar da ake sayar da ita ba na bi. A ina ka gado?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai ke ɗiga a kan tayil.

Daidai nan Maman Walid ta shigo da tire, don ta sanyaya wajen, Allah Ya saka mata. Akwai wata 'yar Najeriya a unguwar Titiwangsa da ke dafa zoɓo da lemon malt a gida tana sayarwa a kwalaben da ba rubutu a jiki, to ita ta yi wa oda, ɗan babur ya rataye ledar a ƙofa ya tafi. Ta ce, "Yaya, ga malt, kai za ka fara. An ce abu mai ƙarfi yana taimaka wa harshe ya farfaɗo."

Na karɓi kofin gilas ɗin don kawai in jiƙa maƙogwaro in ci gaba da zagi. Na kurɓa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar ɗakin da aka kulle tun bara ne aka buɗe tagoginsa gaba ɗaya. Ɗanɗano! Ƙamshi! Abin da na fid da rai da shi, har na daina roƙo a kansa, sai ga shi ya cika min baki ya hau hanci. Na rufe ido. Kuma a nan ne ya kamata in yi shiru.

"Allahu Akbar," na ce. "Ina ji. Wallahi ina ji."

Maman Walid ta tafa hannu. "Alhamdulillah! Yaya, yaya yake?"

Ai kuwa sai bakina ya kama aiki ba da izinina ba. Na ɗaga kofin wajen hasken taga. "Dubi kalar nan. Kamar baƙa, amma duba gefe, ja ce kamar dabino. Dubi kumfar, mai kauri, ta kama jikin gilas ba ta sauka. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa, ya gasa hatsin sosai amma bai ƙona shi ba." Na sake kurɓa. "Da farko zaƙi, irin na mazarƙwaila. Sai ƙamshin ƙanzo ya biyo, da wani abu kamar gahawa. Ɗacin sai a ƙarshe yake zuwa, a hankali, ba ya yi maka rashin kunya. Kun ji ɗumin da take saukarwa a ƙirji? Wannan mai nauyi ce, kwalba ɗaya ta ishi namiji. Kuskurenku ɗaya, kun sa ta yi sanyi da yawa. Irin wannan ba a kashe ta da sanyi, sai ta ɗan huce take buɗewa. Kai, ko baƙar kwalbar da Madam ke ajiye mana a mashayarta ta Sabon Gari ba ta kama ƙafar wannan ba, waccan ruwa ce kawai da..."

A nan na buɗe ido.

Maman Walid ta toshe baki da gefen hijabi. Dakta ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar, ya shinshina, ya ajiye ta can nesa da shi kamar za ta fashe. Mubarak kuwa ya ɗago kai, karo na farko a ranar, yana kallona. Ba kallon raini ba ne. Da raini ne da na ji sauƙi, da na samu abin yi wa tsawa. Kallon mutumin da ya ga ubansa ya faɗi a tsakiyar titi ne.

Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan babur ne ya dawo yana haki ta cikin takunkumi: "Sorry boss, sorry lah, wrong tapau!" Wai ledar wani ya kawo mana. Ashe wata mashaya ce da dokar kulle ta hana zama, suke ɗura giyarsu ta musamman a kwalabe suna aika wa mutane gida, kuma wani a hawa na ƙasa yana can yana jiran tasa, an kai masa lemon malt ɗinmu.

Kuskuren ɗan babur ne, kowa ya yarda. Wanda ya sha bisa rashin sani ba shi da laifi, Dakta ma ya faɗa, da sauri, yana kallon bango. Amma ni na san abin da na sani. Tun kurɓar farko na gane ta. Shekara ashirin da wani abu rabona da ita, tun kafin a haifi yaron nan na tuba, ban kuma sake ba, amma na gane ta kamar muryar tsohon aboki a waya. Kurɓa ta biyu da sanina na yi. Wannan ba ɗan babur ne ya ɗura min ba.

Mubarak ne ya tashi. Ya zare kofin daga hannuna a hankali, ya kai kicin, ya dawo da ruwa da roba. "Baba, kuskure bakinka." Na kuskure, yana riƙe da robar. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Alhamdulillah da ɗanɗanon ya dawo, Baba. Mun daɗe muna maka addu'a." Har yau ina juya maganar nan ina neman inda ya ɓoye baƙar magana a ciki, ban samu ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Aka kawo abinci, tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ji daddawa, na ji man shanu, na ji komai, kuma ban taɓa cin tuwon da ya ƙi wucewa kamar wannan ba. Muna wanke hannu Dakta ya yi gyaran murya.

"Yaya, to maganar Mubarak fa?"

"Wace magana?" na ce. "Yaro yana karatunsa, a bar shi ya gama."

Ba wanda ya yi dariya. Na so a ce sun yi.

Da aka buɗe hanya ni kaɗai na hau jirgi. Yaron ya gama, ya dawo da takardarsa, kuma bai taɓa tayar da zancen ba, ko ga uwarsa. Ni ma ban sake tambayarsa abin da ke cikin kofinsa a hoton nan ba. Wanda zai yi wannan tambayar ba ni ba ne.

Har yanzu ina faɗa, kada ku ɗauka na zama salihi. Sai dai na daina fara shi da tarihin kaina. Kuma duk abin da aka miƙo min a kofi, ko kunun gyaɗa ne, in aka ce yaya yake, amsata ɗaya ce: ba laifi.