Ranar Da Kuskurena Ya Zama Sifiri

Ko na so in manta da Larabar nan, ɗalibaina na Gwaram ba za su bari ba. Lokacin ina koyon aikin malanta a wata sakandare, kuma ranar ne mai dubawa zai zo daga kwalejinmu ya ba ni maki. In na faɗi, sai na maimaita shekara guda cur.

Darasin mai sauƙi ne: a rataya ɗan ƙarfe a zare, a sake shi ya yi lilo, a ƙirga daƙiƙoƙi da agogo, a lissafa ƙarfin da ƙasa ke jawo abu. Littafi ya ce 9.8. Sai ka cire naka daga na littafi, ka raba da na littafi, ka ninka da ɗari. Shi ne kuskurenka.

To ni, gwanin duniya, ina ni ina kuskure a gaban baƙo? Tun ranar Talata na faro daga amsar littafi na yi lissafi da baya, na rarraba wa yara lambobi su kwafa. (Har yaba wa kaina basira na yi, wallahi.)

Malam Ilu mai dubawa ya iso daga Birnin Kudu, dattijo mara hayaniya, ya zauna a bencin baya. Na buɗe murya:

"Aji, kuskurenmu kashi nawa cikin ɗari?"

"Sifiri, Malam!"

Na dubi Malam Ilu ina jiran yabo. Ya taso ya ɗauki agogon, ya danna, ya girgiza, ya kara a kunne.

"Masha Allah. Shekara talatin ina wannan aiki ban taɓa samun sifiri ba. Da wannan kuka auna?"

Kafin in yi magana, ajin gaba ɗaya ya taimake ni: "Ai tun bara ya mutu, Malam!"

Na ji gumi har cikin safa. Kunya kamar in nutse.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙa wayarsa aka sake awon da agogon cikinta, muka samu 11.2, ni kuma na lissafa kuskuren a allo: kashi sha huɗu.

"Yawwa," in ji shi. "Wannan sha huɗun ya fi sifirinka daraja."

Da ƙyar na haye. Har yau in na shiga kasuwar Gwaram sai na ji an kwaɗa min kira, "Malam Sifiri!" kuma amsawa nake yi. Abin da na koya shi ne, wanda bai samu kuskure ba, bai yi awon ba. In kuma ka nace sai ka yi ƙarya, don Allah ka fara duba batir.