Bishiyar da Na Rubuta Ta Mutu

Ko zan manta komai na jami'a, ba zan taɓa mantawa da gawon nan na Tarauni ba. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, ina ajin ƙarshe a injiniyanci. Malaminmu, Dakta, ya gaji da ɗaliban da suka iya lissafi amma ba su iya riƙe sukuddireba ba, sai ya ce kowa ya fita ya yi aikin da zai amfani mutane. In ya yi aiki ka fita da digiri, in bai yi ba ka maimaita shekara.

Nawa aikin shi ne in haɗa wani ƙaramin asibiti a Tarauni da ɗakin gwajin jini a Gyaɗi-Gyaɗi ba tare da waya ba, sakamako ya riƙa zuwa ta kwamfuta maimakon a tura ɗan acaɓa. Za a kafa eriya a rufin kowane gini. Sharaɗin ɗaya ne: eriyar nan ta hango waccan, kada komai ya tare.

Da damina na hau rufin asibitin (da hular kwano, don a san injiniya ya zo). Na hango Gyaɗi-Gyaɗi tar, sai wata bishiya a tsakani, tsirara, ko ganye ɗaya babu. Baba mai gadi, wani dattijo da ya baro gona ya dawo birni, ya ɗago kai.

"Ɗana, wancan fa gawo ne."

"Na gani, Baba," na ce, ina ta rubutu. A raina kuwa cewa nake bishiyar da ta bushe ana tsakiyar ruwa ai ta gama yayi. Har a rahotona na sa: "Matacciyar bishiya, ba matsala." Muka gwada, saƙo ya wuce, na yi ta yawo ina hura hanci.

Yajin aikin malamai ya ja mu, ba a zo dubawa ba sai da rani. Ga Dakta, ga baƙon farfesa mai ba da maki, ga ma'aikatan jinya sun kewaye ni, ni kuma cikin kwat ɗin aro. Na danna. Shiru. Na sake dannawa, saƙo bai shigo ba. Muka fito waje na ɗaga kai, sai ga matacciyata ta yi kore shar, ta rufe Gyaɗi-Gyaɗi ruf.

Farfesa ya buɗe rahoton, ya karanta layin nan da ƙarfi, sannan ya ce, "Kai a ina ka girma? Ba ka san gawo da damina yake zubar da ganye ba?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ne ya cece ni. "Ranka ya daɗe, yaron kirki ne, bai taɓa noma ba ne kawai. Ku ɗora abin a kan tankin ruwa, ya fi gawon tsayi."

Da kwat ɗin na hau tankin da eriyar, shi yana riƙe min tsani. Saƙo ya shigo, sakamakon wata mai ciki da ke zaune tana jira. Na ci, da kyar.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni rufi na hau, da hular kwano. Yanzu duk inda zan kafa eriya, mai gadi nake fara gaisarwa, kuma in ya yi magana ina ajiye biro.