Kwana Ashirin da Tara

"…Lafiya ƙalau, in dai ganin idonki lafiya ne. Me kika riƙo a ledar nan?"

Haka Baba ya amsa gaisuwar jikarsa tun ba ta gama tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba. Ni ina gefe, na shimfiɗa bargo a kan tebur ina yi masa guga, don haka komai a kunnena aka yi. Baba Sito ake ce masa a unguwa, saboda shekara talatin da biyu ya yi a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfanin motocin haya. Ita kuwa 'yar yayana ce, Tsinke muke kiranta tun tana rarrafe, kuma har yau babu abin da ya ƙaru a jikinta sai baki. Mai yankan yadi ce a wani kamfanin ɗinkin yunifom. Wata shida ke nan da shugabar sashensu ta tafi jinya aka danƙa wa Tsinke riƙon ƙwarya, kuma tun daga ranar Baba ya hana kowa sakat. Wai jikarsa ta zama manaja, dole ta sayo masa takalmin fata.

"Ga takalminka, angona. Sa mu gani, in ƙafar za ta yarda ta ɗagu."

Ya zura hannu a leda ya zaro silifas na roba, shuɗi, har da tambarin kuɗin a manne. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya.

"Mene ne wannan?"

"Takalmi."

"Wannan ai na shiga banɗaki ne!"

"To ina kake zuwa da ya wuce can? Daga kujera sai banɗaki, daga banɗaki sai kujera. Na duba tafiyarka ne na sayo maka daidai ita."

"Ke! Sau-ciki na ce miki, baƙi, mai igiya, wanda in na taka za a ji ƙas-ƙas tun daga bakin layi. Na riga na gaya wa mai shago, na gaya wa mai gyaran rediyo, har ɗan acaɓan da ke kai ni asibiti ya sani."

"Wa ya aike ka?"

"Bakina ne, a kaina yake."

"To bakin naka ya biya kuɗin takalmin."

"Na sake ki!"

"Gwaggo, saki na nawa ke nan? Ke kike riƙe da ƙirgen."

Na ce mata na daina ƙirga tun tana aji uku, kuma su cire ni daga shirmensu kafin in ƙona riga.

"Rowa ce kawai," in ji Baba. "Tun kina goye na gane ki. Aka miƙa miki biskit, na ce ɗan sam min, kika cusa shi duka a baki har da takardar. Yanzu ga ki manaja guda, kina zaune a kujera mai juyawa, kina ɗaukar albashi ninki biyu, amma mijinki na yawo da roba a ƙafa."

"Kujerar dai tana juyawa, wannan gaskiya ne. Albashin ne bai juya ba."

"Ban gane ba."

"Ai da ma ba ka cika ganewa ba kafin la'asar. Ko sisi ba a ƙara min ba, tsoho. Albashin mai almakashi nake karɓa, kamar bara, kamar bara waccan."

"Ƙarya kike! Wata shida?"

"Wata shida. Ni ke buɗe sashe ƙarfe bakwai, ni ke rufewa. Ni ke raba wa teloli goma sha takwas aiki, ni ke sa hannu a karɓi yadi, ni ke shan zagi in keke ya lalace. Ranar da wata ta ɗinke hannun riga a baibai har guda arba'in, ni aka kira ofis, ba ita ba. In an tashi kuma in koma teburina in yanka nawa kason, don ba a ɗauke min shi ba."

"To ba doka a kamfanin naku? Ko a zamaninmu akwai kuɗin riƙo."

"Akwai mana, a rubuce ma. Duk wanda ya riƙe muƙamin da ya fi nasa kwana talatin a jere, za a biya shi bambancin albashi. A jere fa, ka riƙe wannan."

"Na riƙe. Ba kurma ba ne ni."

"Ranar kwana na ashirin da tara, da an yi sallar azahar, sai ka ga manaja ya shigo yana murmushi. Ya ce, 'Kin gaji, kawo makullin ki huta.' Ya miƙa wa mai gadin sito na kwana ɗaya. Mutumin da bai san inci daga santimita ba! Ya ƙarasa wunin a kujerar yana juyawa yana sauraron rediyo, kowa kuma ni yake zuwa tambaya a teburina. Washegari da safe a dawo min da makulli, a fara ƙirga daga ɗaya. Sau biyar ke nan."

Wallahi sai da na ajiye dutsen gugar. Ban san haka ake yi mata ba, don ba ta taɓa faɗa ba, kuma raina ya ɓaci sosai. Baba kuwa ya sosa gemu, ya gyara zama, ya ɗauko muryar nan tasa ta wa'azi da ke sa ni barci.

"Gwada ki suke yi. Manya haka suke, sai sun ga haƙurin yaro. Ki kwantar da kai, ki riƙa cewa to. Girman ma ai wani abu ne. Yanzu ba ranki ya daɗe suke ce miki ba?"

"Suna cewa. Na je wajen mai takalmi na ce masa ranki ya daɗe ake ce min, ya ce madalla, kawo kuɗi."

"Fitsararriya."

"Gadonka na yi. Gobe kwana ashirin da tara ke cika. Zai zo da murmushinsa, zan ba shi makulli da hannu biyu. Jibi in ya dawo da shi, ba zan karɓa ba."

"Ba za ki me ba?"

"Ba zan karɓa ba. Sai da takarda mai sa hannu da hatimi, da kuɗin wata shidan da suka wuce. In babu, ga almakashina, ga teburina, a nan aka ɗauke ni aiki. Akwai yunifom dubu huɗu na makarantu da za a kai kafin a koma hutu. Mai gadin sito ya juya kujera ya fitar da su."

"Korarki za su yi, wallahi!"

"Su kora."

"Ji min yarinya! Su kora, kamar aikin a bakin titi ake tsintarsa. Uwarki da ƙannenki uku da wa suka dogara? Da wannan tsinin bakin naki?"

"Da hannuna suka dogara, kuma duk inda na je da shi zan tafi."

"Wato ki dawo nan ki tare min a falo, ki cinye min fansho."

"Wane fansho? Wanda ba ya kai ka goma ga wata?"

"Ke, ki iya bakinki! Ni da kike gani babban mai sito ne. Taya ɗaya ba ta fita daga kamfanin nan sai da sa hannuna. Direbobi saba'in, in na yi tari sai kowa ya kama kansa. Har manajan da kansa, in ya gan ni, sai ya cire hula."

"Zafi yake ji."

"Girmamawa ce!"

"To babban mai sito, ni nake raka ka banki duk wata, ni nake cike maka fom don idonka ya tafi hutu. Me ya sa katin fanshonka ya ce mataimakin mai sito?"

Na ce, "Tsinke!" Amma magana ta riga ta fita.

Baba ya kalli silifas ɗin da ke cinyarsa, ya ajiye shi ƙasa a hankali. Ni na san labarin, don ina budurwa aka yi shi. Maigidansa a sito ya rasu, aka ce Baba ya riƙe kafin a kawo wani. Shekara tara yana riƙewa. Kullum ana dubawa, kullum takarda tana sama. Ranar da ya yi ritaya aka yi masa liyafa, aka ba shi agogon bango, aka lissafa masa fansho a kan matakin mataimaki. Mahaifiyarmu ta yi kuka a daren, shi kuwa ya rataye agogon yana cewa ai sun san darajarsa.

Ya dafa sanda ya miƙe, ya shige ɗakinsa. Muka ji yana jan tsohon akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado.

"Gwaggo, na yi ɓarna ko?" Tsinke ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Kin yi. Amma zauna."

Ya fito da wata ambulan da ta koma ruwan ƙasa don tsufa, gefenta duk ya lanƙwashe. Ya jefa mata a cinya.

"Karanta, tunda ke ce mai ido."

Ta buɗe. Takarda ce da rubutun hannunsa na da, mai kyau, a tsaye kamar an buga da inji.

"'Zuwa ga mai girma manaja. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan iyali suna lafiya, da fatan aiki yana tafiya daidai, ni ƙaramin ma'aikacinka mai biyayya, wanda ba ya manta alherinka…' Tsoho, wannan wasiƙar neman aure ce?"

"Ci gaba, mara kunya."

"'…ina mai neman afuwa idan na yi katsalandan, ina mai sunkuyar da kai…' Kai! Layi ɗaya, biyu, uku… layi goma sha huɗu kana gaisuwa! Ina maganar take?"

"Tana ƙasa."

"'Ina roƙon a biya ni kuɗin aikin da nake yi.' Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Me ya rage?"

"To me ya ce da ya karanta?"

"Wa ya ce miki ya karanta? Da ya karanta za ki gan ta a akwatina?"

Ya zauna, ya jingina sandar da kujera.

"Sau uku ina shiga ofishinsa da ita a aljihu. Da na sa ƙafa sai ya miƙe ya ce, 'A'a, babban mai sito da kansa! Sannu da ƙoƙari, ai kamfanin nan a wuyanka yake.' Ya sa a kawo min shayi a kofin baƙi. Ni kuma sai in ji kunya ta rufe ni. Mutum yana yabonka, ka zaro masa takardar kuɗi? In sha shayi, in yi godiya, in fito da abata."

"Shekara tara a kan kofin shayi uku."

"Da madara fa."

Dariya ta ƙwace wa Tsinke, amma na ga tana share ido da gefen mayafi. Shi ma ya fashe da tasa, har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa.

"Kin ci ni, 'yar banza, na yarda. Ɗauki takardar, na ba ki. Ki zubar da goma sha huɗun, ki kwafi layin ƙarshe."

"Har shi sai na gyara. Ba 'ina roƙo' zan sa ba."

"Sa abin da kika ga dama. Amma ki ji ni da kyau. Tun daga bakin ƙofa ki riƙe ta a hannu, kada ki sa a jaka. Ki ajiye masa a tebur kafin ya buɗe baki. In ya ce a kawo shayi, ki ce kin ƙoshi."

"In kuma suka kore ni fa, angona?"

"Ki kwaso uwarki da ƙannenki ku taho nan. Daga ɗaya zuwa goma ga wata ni zan ciyar da ku. Sauran kwana ashirin ɗin kuma sai mu ci bakinki."

Ta linke takardar a kan tsohon linkinta, ta miƙe. Ta kai hannu za ta buɗe jaka, sai Baba ya buga sanda a ƙasa.

"A hannu na ce!"