Ranar da Na Jefi Surukina da Kwanon Fura

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Asabar, a gidan surukaina da ke Guri. Mu uku ne a ɗakin: ni, matata Falmata, da yayanta Bukar. Wannan rana ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Bukar ne ya zo da wani faifan fim daga Haɗejiya. Ya ce fim ne na Amurkawa da mutanen Sifen, ba wanda ya san shi. Wani ne mai rufe fuska da farin ƙyalle yake bin baƙin wani masauki a bakin tafki yana sare su da adda.

Ni mutum ne mai son tsari. Kafin a kunna na yi musu bayani kashi uku. Na farko, fim ƙarya ne. Na biyu, jinin fenti ne. Na uku, duk mai jin tsoro ya fita tun yanzu. (Wata biyu ke nan da aurenmu, ina so a san wa aka aura.) Da fim ya fara, har takarda na ɗauko na jera waɗanda nake zargi: direba, mai masauki, sai ɗan sanda.

Falmata ta leƙa takardar. "Malam, ka bar wahala. Tsohuwar nan ce mai ba kaji hatsi."

"Da wace hujja?"

"Duk wanda aka kashe, wuce ta ya yi bai gaishe ta ba."

Na ce wannan ba bincike ba ne.

An zo daidai inda za a yaye wa makashin ƙyalle, sai labulen ɗakinmu ya ɗaga. Mutum ne a tsaye, fuska naɗe da farin rawani, jiki duk taɓo, adda a hannu.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na kurma ihu. Na wurga masa kwanon fura. Na faɗa bayan Falmata, ƙafata ta ja waya, na'urar faifan ta kife ƙasa.

Mutumin ya kwance rawani a hankali, fura na gangarowa ta gemunsa. Baba ne, mahaifinta, ya dawo daga saran kachalla, ciyawar da ke toshe hanyar ruwa.

"Malam," in ji shi, "furar dai ta yi daɗi. Amma a nan garin miƙowa ake yi."

Falmata ta yi dariya har ta kwanta. Faifan kuwa ya tsage, ba mu ga ƙarshe ba. Kwalinsa ma ambaliya ta tafi da shi, Bukar kuma ya manta sunan.

Na koyi darasi: mai shirin yin ihu kada ya fara da jawabi.

Shekara da shekaru, in na ɗaure fuska a gida, sai ta ce, "Malam, a kawo fura?" Dole in saki. Bara Allah Ya karɓi abarsa. Yanzu in na ɗaure fuska, haka take wuni a ɗaure.

Takardar tana nan cikin akwatina, da "tsohuwa" a ƙasan jerin, rubutun hannunta. Mai karatu, in ka taɓa ganin wannan fim, don Allah ka faɗa mini wanda ke cikin ƙyallen. In tsohuwar ce, ina so in sani, ko da babu wadda zan ce wa ta yi gaskiya.